Ɗana ya matsa sai ya tafi birni bayan kaka: in bar shi ko in hana?

"Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Babban ɗana ya gama sakandare bara, shekararsa 19, kuma ya matsa mini sai ya tafi birni da zarar mun kai amfani gida. Abokansa wasu suna Kano, wasu Abuja, ɗaya yana Legas, kowa sai kiransa yake a waya. Ni kuwa abin da nake ji shi ne mutanen birni ba su san mutunci ba, maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, yaro yakan je ya lalace. Don Allah yaya zaman birni yake a gaskiya? In bar shi ya tafi ko in hana shi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa a kwashe amfani lafiya, ya shirya mana yaran nan baki ɗaya. Kana son ka san ko da gaske zaman birni yana raba mutum da mutunci, sannan kana son a taya ka duba ko za ka saki yaron. A kan na farkon ina da abin faɗa sosai. Ni ma ɗan ƙauye ne daga ƙasar Gumel, cin rani ne ya kawo ni Kano ina saurayi. Da dako na fara a kasuwar hatsi ta Dawanau har Allah ya ba ni shago, na sha bin motar wake zuwa Legas, kuma yaran ƙauye da yawa sun zauna a hannuna. Wasu sun yi arziki, wasu sun koma gida sun riƙe gona, wasu kuma har yau in na tuna su sai raina ya ɓaci. Na biyun hukuncinka ne kai da mahaifiyarsa, amma zan gaya maka abin da zan yi da ɗan nawa ne.

Ka fara cire wa ranka cewa yaron ya zo da wani baƙon abu. Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu suke barin gida bayan kaka. Fatake suna tafiya Gwanja sayo goro, masaƙa da maɗinka da marina suna shiga Kano su yi rani, kayansu su ƙare a kasuwar Kurmi da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta yi kuɗi, daga baya aka ja layin Nguru da ya ratsa ta Ringim ɗinku, sai mutanen yankinmu suka riƙa shigowa dako da ɗinkin buhu. Wasu suka wuce Jos haƙar kuza, wasu suka bi shanu da goro har Ibadan da Agege suka kafa zango.

Sai dai akwai abin da kakannin namu suka riƙe da kyau wanda yaran yanzu suke sakewa. Bafatake ba ya faɗa wa gari haka kawai. Yana da maigidan da yake sauka a wurinsa, shi zai ba shi makwanci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da mai saye, in bashi ya shiga tsakani shi zai tsaya. In baƙo ya yi laifi, maigidansa ake nema. Har gobe a kan wannan tsarin kasuwannin Kano suke tafiya, kuma duk abin da zan gaya maka nan gaba a kansa ya rataya.

Me ya sa ɗan birni yake kamar ba ruwansa da kowa

A ƙauyenku in baƙo ya yi sallama, kafin ya gama shan ruwa an san ɗan wane ne, an san wa ya auri gwaggonsa. Amanar da za a ba shi ta ubansa ce da kakansa. A birni wannan sanayyar ce babu. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, kusan miliyan 3 daga ciki a ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin, lokacin da Jigawa gaba ɗayanta take da miliyan 4.3. Yau abin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Mutumin da yake gilma wa ɗaruruwan fuskoki kafin azahar ba zai iya tsayawa ya tambayi kowa gida da iyali da gajiya ba. Kuma an sha cutarsa. An zo masa da kuka an ce an sace kuɗin mota, ya bayar, bayan kwana biyu ya ga mai kukan a wata tasha yana irin kukan. An ɗauki yaro a shago don tausayi, an wayi gari babu yaro babu kuɗin ciniki. Shi ya sa tambayar farko da za a yi wa ɗanka ita ce, "Wa ya san ka?" Wanda bai saba ba sai ya ɗauka wulaƙanci ne, alhali abin da ake nufi shi ne a kawo wanda zai tsaya masa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi canza halin mutum. A gida ko ba ka da ko sisi za ka wuni ka kwana da cikinka a cike. Rumbu yana nan, kuka da kuɓewa suna nan, ruwa a rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa, kara da itace a bayan gida. A Kano da wuya ka yi motsi ba ka taɓa aljihu ba. Unguwanni da yawa ruwan famfo ba ya isa gare su, sai a hannun 'yan ga-ruwa masu tura kura, jarka-jarka. Wanda ba shi da ɗaki, gidan wanka da ba-haya ma biya yake. Gawayi kuɗi, cajin waya kuɗi, adaidaita sahu kuɗi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai yakan cinye kaso mai tsoka na abin da lebura ya samo. Hayar ɗaki ta shekara ake biya a dunƙule, ga la'adar dillali. To magidancin da baƙo ya sauka masa ba tare da sanarwa ba, ka ga fuskarsa ta ɗan canza, ba lallai rowa ba ce. Lissafin awo yake yi a ransa, don kwanon masarar da ke gidan sayo shi ya yi, kuma ɗakinsa ɗaya ne da shi da matarsa da 'ya'ya.

Amma kada wani ya ce maka babu alheri a birni. Yana nan, hanyarsa ce daban. Na ga 'yan dako, mutanen da ba su da komai sai ƙarfinsu, sun haɗa kuɗi sun biya wa ɗan'uwansu aikin asibiti. Na ga an yi rasuwa a kasuwa, kafin la'asar 'yan garinsu sun ɗauki shatar mota an kai gawa gida. Da azumi masallatai da gidajen attajirai suna ciyar da mutanen da ba su san sunansu ba. Abin lura a nan shi ne duk wannan alherin ta cikin wata ƙungiya yake bi: layin kasuwa, masallacin unguwa, majalisar da ake zama bayan isha'i, ƙungiyar 'yan gari ɗaya. Wanda yake cikin ɗaya daga cikinsu yana da dangi a birni. Wanda ba ya cikin ko ɗaya, shi ne zai kwanta ciwo kwana uku a kango ba a sani ba.

Kano ba abu ɗaya ba ce

Wanda ya ce maka a birni maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, wani ɓangare na Kano ya gani. Ka shiga lungunan cikin ganuwa, irin su Yakasai ko Ƙoƙi ko Mandawari, za ka tarar da sanayya da sa ido da ta kai ta ƙauye ko ta fi. Gida ya yi shekara ɗari a hannun zuri'a ɗaya, mai unguwa ya san kowa, dattawa suna soro suna ganin mai shiga da mai fita. A Nasarawa da Bompai kuwa katanga ce da get da mai gadi, can ne za ka shekara ba ka ga fuskar na kusa da kai ba. Fagge da Sabon Gari tun asali mazaunin baƙi ne da 'yan kasuwa. Shi kuwa ɗan ƙauye in ya zo, mafi yawa a sababbin unguwannin gefe yake sauka: Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Rimin Kebe, Ɗorayi, Sheka, Hotoro, Mariri. Da yawansu gonaki ne aka yanka awon igiya, lungu ƙunci, kwata ba mafita, da damina ruwa ya shiga ɗaki. Mutanen wurin rabinsu irinmu ne, daga Jigawa da Katsina da ƙauyukan Kano da Nijar, kowa yana ƙoƙarin kafa kansa.

Halin Kano ciniki ne. Kowace kasuwa da abin da ta riƙe: Kantin Kwari atamfa da shadda da yadi, Singa kayan masarufi, Dawanau hatsi da wake da riɗi da zoɓo, 'Yan Kaba kayan miya, 'Yan Lemo kayan marmari, Ƙofar Ruwa kayan gini da na mota, Ƙofar Wambai gwanjo da robobi, Farm Centre waya, Sabon Gari kuwa kusan komai. Tun kafin gari ya waye an fara sauke tumatir da albasa a 'Yan Kaba, mai shayi da mai ƙosai sun hura wuta. Kwari ba ta cika sai hantsi ya yi. Da magariba hanyoyin fita daga kasuwanni su cushe da adaidaita, tunda an hana ɗaukar fasinja a babur a cikin gari tun Janairun 2013. Bakano yana da fara'a da barkwanci, yana da alfahari da garinsa, kuma yana auna mutum da sauri. Da ya ji hausarka ya san daga ina kake, zai tsokane ka da ƙauyanci, amma in ya gwada ka sau biyu sau uku ya ga ba ka taɓa masa canji ba, makullin shago zai miƙa maka. Na ga haka da idona ba iyaka. Kirarin da ake yi wa garin, ko da me ka zo an fi ka, ya kamata yaro ya ji shi kafin ya taho, don wanda ya shigo da girman kai wai ya gama sakandare, zai tarar da masu digiri suna jiran a ɗauke su tsaron shago.

Aikin kamfani kada ya sa rai da shi da yawa. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da yawa sun rufe tun shekarun baya, waɗanda suka rage kuma galibi leburan yini suke ɗiba a bakin get. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa hannu a kai a 2024 Naira 70,000 ne, kuma yaran shago da masu gadi da na sani da yawa ba sa ganin hakan a wata.

Abuja da Legas

Abuja gari ne da aka zana a takarda kafin a gina. A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar yin sa, a Disambar 1991 gwamnati ta tare. An tsara shi don ofisoshi da ma'aikata, ba a yi wa talaka wurin kwana a tsakiyarsa ba. Shi ya sa mai gadi da lebura da mai wankin mota suke kwana a Mararraba da Masaka cikin Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla cikin Jihar Neja, ko Nyanya da Dei-Dei da Zuba, su yi sammako su shiga gari, su fito da dare, kuɗin mota ya raba musu abin da suka samu. Talla a kan titi haramun ce a tsakiyar gari, in jami'ai suka kama yaro da tire ko baro kwashe kayan za su yi. An hana acaɓa a can tun 2006. Wanda abokinsa ya kira shi Abuja, ka tambaya a ina abokin yake kwana. Sau da yawa amsar ita ce a ginin da ba a ƙarasa ba, kuma ranar da mai gini ya sa ƙofa, kwana ya ƙare. In ba da takardar aiki ko sana'ar hannu mai ƙwari irin ta birkila ko mai tayil ko mai wayarin ba, ban cika son yaro ya fara da Abuja ba.

Legas kuma kuɗi na gudu a cikinta fiye da ko'ina, wannan gaskiya ne. Mutumin Legas ba ya tambayar ɗan waye kai, aikinka yake dubawa, a yi ciniki a fili, ka gama ya biya ka. Hausawa suna da tushe a can, a Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago da kasuwar Mile 12 inda kayan gwari da wake na Arewa suke sauka, kuma kowane zango da sarkin Hausawansa da limaminsa. Amma tsakaninku da ita kusan kilomita 1,000 ne, kwana ake a hanya. In ciwo ya kama yaro ko aka kama shi, kafin labari ya zo maka an yi nisa. Na ga samari goma a ɗaki ɗaya ana kwana bi da bi, na ga masu kwana a kan buhuna cikin ruwan sama da sauro. Yawancin yaranmu da acaɓa suke tafiya, alhali gwamnatin jihar ta hana ta a manyan sassan garin a 2020, ta sake tsanantawa a 2022, ana kama babura ana murƙushe su. Mutum ya sayar da saniya ko ya jinginar da gona ya saya wa ɗansa babur, sati uku a ƙwace. Sannan in rikicin kasuwa ya rikiɗe ya zama na ƙabilanci, kamar na Mile 12 a 2016 ko na Shasha a Ibadan a 2021, baƙon da bai ji yaren gari ba kuma bai san lungu ba shi yake fara shan wahala. Legas ta mutumin da ya riga ya goge ce, wanda ya san ciniki kuma yana da babba a can.

Abin da yake lalata yaro

A cikin yaran da suka zauna a hannuna, ban ga wanda yawan motoci ko dogayen gine-gine suka lalata ba. Abin da na gani shi ne yaro ya samu kuɗi a hannu kullum da yamma, babu babban da zai tambaye shi nawa ya samu, babu wanda zai lura bai fito sallar asuba ba. Aikin ƙarfi da gajiya, sai wani ya miƙo masa ƙwaya ya ce za ta sa ya yi aikin mutum biyu. Da tiramadol ake farawa. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa samari da matan aure, amma in an toshe wannan sai wani ya ɓullo. Ga cacar ƙwallo ta waya da take cinye cinikin yini cikin minti kaɗan. Daga nan bashi, daga bashi taɓa kuɗin maigida, daga nan kora, sai ya faɗa hannun 'yan daba da masu ƙwacen waya, lokacin zaɓe kuma 'yan siyasa su ba su abin da za su sha su ba su makami. Kuma Malam, ka san ƙwayar nan da cacar nan sun riga sun iso ƙauye, ana sayar da su a ranar kasuwa. Saurayin da zai zauna wata bakwai na rani a gindin bishiya ba aikin fari ba na baƙi, yana kallon abokansa suna turo hotuna, shi ma ba a tsira yake ba.

Akwai wani abu kuma da mu iyaye ba ma son a faɗa. Wani yaron gida ne yake tura shi ga ɓarna. Bai yi wata biyu da zuwa ba an fara kira: kuɗin taki, kuɗin suna, gudummawar bikin ƙanwa, ɗan wane ya aiko da buhun shinkafa kai me kake yi. Yaron da yake koyon sana'a kuɗin abincin rana kawai ake ba shi. In aka matsa masa, ko dai ya bar koyon ya koma abin da ke kawo kuɗin yau, ko ya sa hannu a abin da ba nasa ba don kada a ce ya gaza. Shekarar farko a birni kamar dashen shinkafa ce, ba a sa ran girbi, ruwa ake ba ta har ta kama ƙasa.

Da ɗana ne

Ba zan hana shi ba. Saurayin da zuciyarsa ta riga ta tafi, in ka hana shi wata rana za a wayi gari ba ya ɗakinsa, ya tafi babu albarkarka, kuma ya sauka a hannun yara sa'anninsa. Gara ya tafi ta hannunka. Kano zan zaɓa masa, don daga Ringim tafiyar ba ta kai awa biyu ba, harshe ɗaya, addini ɗaya, in an kira ka da safe kafin azahar kana tashar 'Yan Kaba.

Kafin ya tafi, ka nemo maigida. Ba za a rasa ɗan garinku ko na maƙwabtanku da ya kafu a wata kasuwa ko gareji ba, dagacinku da limaminku sun san su. Ka bincika halinsa kamar yadda za ka bincika mai neman 'yarka: yaran da suka zauna a wurinsa a baya ina suke yanzu, ya sallame su da jari ko korar su ya yi da suka fara wayo? Sannan ka shiga mota da kanka ka kai yaron, ka damƙa shi hannu da hannu a gaban shaidu. Ka ga inda zai kwana da idonka. A yi magana a fili a kan abinci da ciwo da shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi. Mutanenmu suna jin kunyar wannan maganar, sai a ce ai ɗanka ne, a rabu a haka. Rigingimun da na sha shiga sasanci tsakanin maigida da yaro kusan duk daga wannan kunyar suka taso. In an rubuta ma ya fi. Ni duk yaron da ubansa ya kawo shi da kansa, riƙon da nake masa daban ne da wanda ya zo da jakarsa shi kaɗai, don na san akwai idon da zan haɗa da shi gobe.

A kan abin da zai yi, zai so tuƙa adaidaita ko dako saboda kuɗi na shigowa tun ranar farko. Amma mai adaidaitar haya sai ya cire balas ɗin mai mashin da kuɗin mai da na tikiti kafin ya ga nasa, kuma bayan shekara biyar abin da ya iya bai wuce na ranar da ya fara ba. Walda, kafinta, ɗinki, gyaran waya, haɗa sola, gyaran injin ban-ruwa, waɗannan shekara biyu ko uku na wahala ne, amma sana'a ce da zai iya ɗaukowa ya dawo da ita Ringim ya ci abinci. Tunda ya yi sakandare yana iya lissafi da rubutu, akwai kuma hanyar da na fi sani. Ɗan ƙauyen da ya san riɗi mai kyau da mai ƙasa, ya san zoɓon da aka shanya da kyau, ya san waken da ƙwaro ya fara shiga, yana da abin da ɗan birni ba shi da shi. 'Yan kasuwar Dawanau kullum suna neman amintaccen da zai saya musu kaya a Gujungu da Maigatari da sauran kasuwannin Jigawa. Yaron da ya koyi wannan harkar ƙafarsa ɗaya tana birni ɗaya tana gida, kuma cikin waɗanda na riƙe, irinsu ne suka fi saurin tsayawa da ƙafarsu. In kuma sakamakon jarrabawarsa ya yi kyau, kada a rufe ƙofar karatu, ga kwalejin ilimi a Gumel, ga jami'a a Dutse da Kafin Hausa.

Kada ka sayar da gona ko shanun huɗa don ka haɗa masa jari. Ku yi alkawari zai dawo da ruwan shuka ya yi damina tare da ku, ko aƙalla ya zo noman farko da girbi in sana'ar ba ta barin dogon hutu, kuma a gaya wa maigidan wannan tun farko. Ya tafi da katin ɗan ƙasa a jikinsa, don yaron da aka tare da dare babu shaida yakan kwana inda bai kamata ba. Abin da ya samu ya riƙa ajiyewa a banki ko a hannun maigida, ko a saya masa tunkiya a gida mahaifiyarsa ta kiwata. Ka karɓi lambar maigidan da ta wani dattijo a layin, ka riƙa kiran su ba sai shi kaɗai ba.

Abin da na faɗa maka na kasuwa ne da na samari maza, don nan ne na yi rayuwata. Ma'aikacin ofis ko ɗalibin jami'a zai ba ka wani hoton na birni daban da nawa. Kuma kada a ɗauki maganata a yi hujja da ita wajen tura yarinya aikatau gidan da ba a sani ba, wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Sannan kai ka haifi yaron nan, kai ka san ko mai jin magana ne, ko mai riƙe amana ne in an aike shi kasuwa da kuɗi, ko ya riga ya fara wani abin da kake ɓoyewa. In ya fara shaye-shaye tun a gida, a tsaya a yi maganin wannan tukuna, don a birni abin zai fi masa sauƙin samu.

Kafin ku gama girbi, ka sa ya kira abokan nan nasa a gabanka, ka karɓi wayar ka gaisa da kowannensu. Ka tambayi kowane ɗaya wane aiki yake yi, a ina yake kwana, su nawa ne a ɗakin, wane ne babbansu a wurin, kuma nawa ya iya ajiyewa tun da ya tafi. Ka bar ɗanka ya ji amsoshin da kunnensa, sannan ku zauna da mahaifiyarsa ku yi maganar wanda za a kai shi wurinsa.